Yadda Za Ka Ɓatar da Matarka a Daji Ka Zama Darakta

Ba ka da kuɗi, ba ka da basira, amma kana son yin fim ɗin tsoro? Bi matakan nan, na ba ka tabbacin sai an yi ihu. Maƙwabcina Wendell ya gwada su a ɗan garinmu da ke jihar Vermont, ni na riƙe masa makirufo.

1. Ka ce tsintar faifan aka yi.
Wasu ne suka shiga daji da kyamara, kyamarar kaɗai ta dawo. Wa ya zauna ya yanke hotunan ya jera su tsaf? Mai tarbiyya ba ya irin wannan tambaya.

2. Kada ka nuna dodo.
Dodo tsada gare shi. Nuna ganye, da takalmi ƙafa ɗaya. Mai kallo zai ƙera nasa dodon kyauta, kuma ya fi naka muni.

3. Girgiza kyamara.
Tsakanin tsoro da tashin zuciya, fuskar mai kallo iri ɗaya ce.

4. Kada ka ajiye kyamarar, ko ana mutuwa.
Noreen, matar Wendell kuma tauraruwar fim ɗin, ta tsaya tsakiyar gudu ta riƙe ƙugu.
"Wendell, wai abu na bina zai cinye ni, kai kuma kana ɗauka? Wane irin miji ne kai?"
"Don duniya ta sani ne, masoyiya."
"Ai duniya ta daɗe da saninka."
Bar wannan a ciki. Nan kaɗai ta yi wasa mai kyau.

5. Ɓoye wadda ta ɓata.
Idan aka ga Noreen a kanti tana zaɓen albasa, alhali an shaida wa gari ta ɓata a daji, fim ya mutu. Sai Wendell ya kai ta gidan ƙanwarta har ranar nuni. Maƙwabta suka yi ta kawo masa kwanukan abinci na jaje, yana ci da fuskar jimami, har ya yi kumatu.

6. Duba kalanda.
Wendell bai duba ba. Ya sa nuni ranar bikin kaka, wato ranar gasar kek ɗin tuffa, wadda Noreen ba ta taɓa bar wa abokiyar hamayyarta Madam Gagnon ba. Zaure ya cika, an yi tsit, allo ya rubuta: "Har yau ba a ga Noreen ba." Sai ƙofa ta yi ƙara, ga Noreen da faranti yana tururi. Irin ihun da aka yi, ban taɓa jin kamarsa ba.
"Ku matsa, da zafi!" in ji ta. "Gagnon ba za ta ci gasar nan don na mutu ba."
Wendell ya dafe kai. "Noreen, kin kashe ni!"
"To ɗauka mana, duniya ta sani."

Gargaɗi: alkawarin ihu na yi, kuma an yi. Batun aurenka, da mutuncinka, da maƙwabtan da za su zo karɓar kwanukansu ba tare da sun gaishe ka ba, babu hannuna. Haka ma hukuncin alƙalan gasa. Noreen ta biyu ta zo, kuma Wendell ne ke amsa laifin.