Zomayen Nayeli da Tukunyar Don Cleofas

"Lafiya lau na kwana, Tsinke. Ganin fuskarki da sassafe ne kawai ya ɓata min rana."

"Ni ma ba wurinka na zo ba, tsohon dila. Gudumarka na zo gaisarwa."

Haka Nayeli da kakanta Don Cleofas suke gaisawa tun tana 'yar mitsitsiya. Yanzu ta haura shekara ashirin, tana aiki a gidan burodin garinsu da ke kan tsaunukan Tlaxcala, amma bakin yana nan yadda yake. Sai dai safiyar nan ba wasa ne ya kawo ta rumfar kakan nata kafinta ba. Kwali ne rungume a ƙirjinta, a ciki akwai 'ya'yan zomo biyu da ba su fi dunƙulen hannu ba.

Asali zomayen na tsohon ne. Uwarsu ta mutu a kejin bayan gida lokacin da sanyi ya yi tsanani, Nayeli ta kwashe su ta kai ɗakinta, ta yi ta ɗura musu madara har suka fara cin ciyawa. Da suka ji ƙarfi sai ɓarna. Sun huda kwali, sun tauna wayar rediyo, sun yi fitsari a takalmin da mahaifiyarta take zuwa coci da shi. Mahaifiyar kuwa ta yanke magana: ko a yi musu ɗaki na ƙwarai kafin rana ta faɗi, ko su koma kejin tsohon. Kowa a unguwar ya san duk zomon da ya kwana a kejin nan, tukunya ce makomarsa.

Ga tukunyar can ma rataye a bangon rumfa, ta ƙasa, ƙatuwa, ta yi baƙi ƙirin. Ta marigayiya matarsa ce, a cikinta yake dafa zomo da jan barkono duk shekara ranar bikin waliyyin da ya ci sunansa.

Don Cleofas ya leƙa kwalin, ya latsa cinyar ɗaya da yatsa kamar mai tayin nama.

"Sun fara ƙiba. Kin iya kiwo, ba laifi."

"Cire hannunka. Da haƙoranka uku za ka ci nama? Kai da ko ayaba sai an dama maka."

"Ukun nan sun fi naki talatin aiki. Ke da kin yi dariya ban san wane ne zomon a cikinku ba." Sai ya ɗaga yatsa sama. "Na rantse da kabarin kakarki, zomayen nan sai sun shiga tukunyar can."

Nayeli ta janye kwalin daga gabansa. Tsohon nan yana iya ƙarya daga safe har yamma, amma bai taɓa rantsewa da kabarin nan ya janye ba. Ta haɗiye tsoron, ta ajiye kwalin, ta naɗe hannun riga, ta miƙa masa zarto. Yau ko me za a yi, sai an gina ɗakin nan.

Ya karɓa yana ƙunƙuni, wai ai gidan kiwo take sa shi ya gina wa kansa, ita ga wahala shi ga romo. Ya jawo ragar ƙarfe zai shimfiɗa a ƙasa, ta fizge, ta ce tafin ƙafarsu laushi gare shi, raga za ta yi musu gyambo, katako take so mai santsi.

"A kan raga na yi kiwon wani zomo da ya kai jaki," in ji shi. "Har kasuwa nake hawansa."

"Shi ya sa ƙafafunka suka lanƙwashe. Buga ƙusa."

Ya buga. Ta sa shi ya faɗaɗa ɗakin har sau biyu don su sami wurin tsalle, ta sa ya goge duk wani tsini, ya yi ƙofa da sakata. Da aka zo shimfiɗa, ya cika buhu da dusar katakon da ya share daga ƙarƙashin benci, yana yabon ƙamshinta. Nayeli ta ce ƙamshin nan shi ne cutar, yana kama musu ƙirji, busasshiyar ciyawa take so, kuma ta san yana da dami a saman rumfa da ya ɓoye wa tumakinsa.

"Ni da na haifi ubanki a kan ƙasa zalla na yi barci har na yi aure."

"Ga shi nan bayanka ya koma lauje. Sauko da ciyawar."

"Gobe kuma ki ce a ɗinka musu bargo, a ɗauko musu mai kiɗa."

"Bargo za su tauna ya toshe musu ciki. Kiɗan kuwa munsharinka ya ishe su."

Ya sauko da damin yana tsine wa ranar da aka haife ta, ita kuma ta shimfiɗa takarda a ƙasa, ta baza ciyawar da kauri. Abu ɗaya ya rage, maɓoya mai duhu da za su shige idan sun tsorata, don zomo ba ya samun barci a fili. Nan tsohon ya kafe. Ya ce sauran katakonsa na ƙofar wani ne, ko guntu ba zai yanka wa abincin biki ba. Ta yi magiya, ta yi zagi, ya toshe kunne.

Sai ta ƙyale shi. Ta zura hannu a aljihu ta fito da ɗan gicciye na tsinke biyu, ta ƙawata shi da furen takarda.

"Ɗan kafa min wannan a sama. Hannuna ya gaji."

Shekara arba'in Don Cleofas yana rufin gidajen mutane, hannunsa ya riga hankalinsa. Ya cire malafa, ya yi alamar gicciye, ya buga ƙusar, bakinsa ya faɗi abin da ya saba: "Allah ya tsare gidan nan da duk mai kwana a cikinsa."

"Amin," in ji mahaifiyar Nayeli, wadda ta zo wucewa da kwandon wanki.

Nayeli ta kama hannunsa ta sumbata, ta ɗora masa burodin da ta zo da shi a ƙunshe. "Na gode, kompadre."

Gudumar ta kusa faɗo masa a ƙafa. A garin nan wanda ya kafa gicciyen sabon gida ya zama padrino, uban gidan ke nan har ya mutu, shi da mai gidan kuma su riƙa kiran juna kompadre. Shi ake kira idan rufi ya yi yoyo, kuma ko kallon banza ba ya yi wa na ciki, balle ya ɗauko musu wuƙa.

"Wannan ba gida ba ne, akwati ne."

"Da rufi, da ƙofa, da gicciye. Ka cire malafa, an ce amin. Ko in tara 'yan unguwa su ji Don Cleofas zai cinye 'ya'yan goyonsa?"

"Ke ba jika ba ce, annoba ce." Sannan muryarsa ta sauko. "To rantsuwata fa? Da kabarin kakarki na yi ta."

Nayeli ta ɗago kai ta dube shi. Tana kallo ya taka benci ya sauko da tukunyar, ya busa ƙurar da ke ciki. Ta rarumi kwalin ta ƙanƙame, idonta ya ciko, ta ce sai dai ya haɗa da ita ya dafa. Bai ko dube ta ba. Ya cusa ciyawa a tukunyar har rabi, ya durƙusa gwiwoyinsa suna ƙara, ya kwantar da ita a kan gefenta a kusurwar sabon ɗakin, ya tokare ta da guntun katako don kada ta mirgina.

"Sake su, Tsinke."

Ta sake su. Suka shinshina ciyawa, suka shinshina bango, babban ya ga duhu ya yi wuf ya shige, ƙaramin ya bi shi. Ba ka ganin komai sai hanci biyu suna motsi a bakin tukunya.

"Sun shiga ko ba su shiga ba?"

"Sun shiga, kompadre."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har haƙoran nan uku suka fito, yana share ido da bayan hannu. Ya ce kakarta ma haka ta yi masa da wani ɗan akuya, ɗan akuyan ya ƙare yana tsufa a ƙofar ɗakinsu. Ya gutsuri burodin, ya kama gefe ɗaya na ɗakin zomayen, ya nuna mata ɗayan.

"Ɗauka mu kai ciki kafin uwarki ta canza magana. Ranar biki kuma ke za ki kawo kaza. Idan na ga tsinke biyu a aljihunki, ba za ki shigo min rumfa ba."