Naman Bayansa a Kwalba

Wani ne direban keke napep a Bukan Sidi, irin mutanen nan da ko aski aka yi musu sai sun tattare gashin sun binne, don kada maƙiya su samu na kai wa boka. Farce kuwa, ko a aljihunsa bai yarda da shi ba.

Sai wani ɗan ƙari ya fito masa a tsakiyar baya, kamar ƙwayar gyaɗa, shuɗi-shuɗi. Da ya jingina a kujerar keke sai ya zabura, fasinja su zaci birki ne ya tsinke. Ya tafi asibiti.

Likita Aondona na ɗaga rigar ya washe baki.

"Oga, shekara ashirin ina aiki, wannan a littafi kawai nake ganin shi. Ƙarin hanyar zufa ne."

Ya kira ɗalibai, kowa ya latsa, gogan naka yana tsalle. Aka yi allura, aka yanki ɗan mitsitsi, aka jefa a kwalba mai ruwa. Sai ya ga nas tana rubuta sunansa a jikin kwalbar. Nama, kwalba, ga suna.

"Sunan mahaifiyata dai ba zan faɗa ba," in ji shi.

Likita ya ce, "Wa ya tambaye ka? Ka dawo bayan sati biyu."

Sati biyun nan bawan Allah bai ga daidai ba. Taya ta yi faci, ya ce kwalba ce. Akuya ta bi shi da kallo a hanyar Adogi, ya ce an fara aiki. Ranar da aka sa masa, ya zazzage kwalin ashana, ya sa cokali a aljihu na haƙa rami, ya nufi ɗakin gwaji.

Ya tarar da Malama Mutmainna, mai duba nama.

"Na zo karɓar namana, zan binne."

"Albishirinka, ba mai yaɗuwa ba ne, cirewa kawai za a yi."

"Na ji. Namana."

Ta miƙo wani ɗan gilashi mai ɗigon launi.

"Wa ya rina shi?"

"Ni. Sai an rina ake gani."

"Har da rini. Ai na sani."

Da ta ga zai tara mata jama'a, sai ta ɗora gilashin a na'urar nan mai ido biyu da ke ƙara wa abu girma, ta ce ya leƙa. Ya leƙa. Ya ga manyan curi-curi shuɗaye kamar tulin doya a kasuwa. Ta murɗa, ga wasu. Ta sake murɗawa, nama bai ƙare ba.

Ya ɗago a hankali, ya kai hannu yana laluben bayansa. Ya dubi kwalin ashana, ya mayar aljihu, idanunsa sun ciko.

"Malama, a samo likkafani. Ai rabina ne a nan."