Ni da Surukina a Gaban Tirelar Albasa

Ba zan taɓa mantawa da lodin albasar da na raka Legas ba, ko da kuwa zan manta ranar ɗaurin aurena. Lokacin ina sabon ango, kuma babu abin da nake nema a duniya kamar Alhaji, mahaifin matata, ya ce ɗiyarsa ta yi dacen miji. Shi babban dillalin albasa ne a Goronyo. Da ya ce in shirya masa tafiyar tirela guda zuwa Kudu, sai na ɗauki abin kamar an ba ni gwamna.

Shiri kam na yi shi. Takardun mota, lasisin direba, takardar ƙungiyar masu albasa, sitikar jihohin da za mu ratsa, duk na haɗa na soke a aljihun gaba. Na tuna cewa mu nan bazara ke gasa mu, amma can bayan Jebba damina ta riga ta sauka, saboda haka na nemo tampol sabo. Har kashedi na yi wa direbanmu, wani ɗan Gandi mai suna Sanda, cewa kada a ɗaure shi tamau, don albasa in ba ta sha iska ba ruɓewa take. (Sanda ya girme ni a harkar nesa ba kusa ba, ya dai ce to.)

Abu ɗaya ne ban shirya ba. Ana gama lodi sai ga Alhaji da 'yar jakarsa da buta.

"Sanda, da ni za a tai," in ji shi. "Na kwan biyu ban ga ƙanena da ke can ba."

Haka aka saka ni a tsakiya, gwiwata na gugar ta surukina. Kowa ya san ba a cin abinci gaban suruki. Ni kuwa mutum ne da ko azumin nafila sai an yi da gaske.

A Jega Sanda ya zauna ya narki tuwo da miyar kuka, ya ce bismilla. Na ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nike." Ƙarya ce tsagwaronta. Duk inda aka tsaya salla sai in ce yanzu zan sulale, sai in ga Alhaji ya shimfiɗa darduma daidai inda nake, ya kama jan carbi. Ga ƙullin ƙuli-ƙulin da amarya ta ba ni yana cikin aljihu, ina jin ƙamshinsa, ba halin taɓawa. Kafin Mokwa cikina ya fara ƙugi, ni kuma ina rufe shi da tari.

Kashegari da hantsi, mun wuce Jebba, sai hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Aka tsaya aka ja tampol. Nan dabara ta faɗo mini.

"Baba, bari in zauna bisa kaya in riƙa duba iska, kar albasa ta gumu."

Ya gyaɗa kai. Wallahi har na ga alamar na burge shi.

Ina shiga ƙarƙashin tampol na kwance ƙulli. Ƙuli ba ya tafiya shi kaɗai, sai na farke buhu guda na zaro albasa mai kai kamar dunƙulen hannu. Ina gatsa ina hawaye, ruwa na dukan tampol, ban ma san mota ta tsaya ba. Ashe shingen masu duba kayan gona ne, sun nemi takardu, takardu kuwa suna jikin babban mai shiri. An yi ta kira ban ji ba. Sai ɗayansu ya hau ya yaye tampol.

Ga ni tsugune, kumatu cike, hawaye da majina shaɓe-shaɓe, gutsuren albasa a hannu, buhu a farke. Mutumin ya kurma ihu da Turanci cewa ya kama ɓarawo. Ya sauko da ni riƙe da wuyan riga, har gaban Alhaji. Na so in yi bayani, amma bakin ba wuri. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya.

Alhaji bai dube ni ba. Ya kau da kai wajen daji, ya yi magana da direba.

"Sanda, hwaɗa musu su sake shi, mijin ɗiyata na." Sai ya ƙara da cewa, "Kuma tambaye shi, in da sauran ƙulin shi miƙo. Ni ma tun Goronyo ruwa kaɗai nika sha, ina jiran shi ba ni wuri."

Sanda ya yi dariya har ya zauna cikin taɓo. Ragowar tafiyar a bisa kaya na yi ta, ina shan ruwan sama da son raina, don tsoho ya samu ya ci tuwonsa.

Har yau ina shirya lodin Kudu, kuma takarduna ba su taɓa gaza ba. Amma kafin in tambayi ko damina ta sauka a hanya, sai na fara tambayar wa zai zauna gaban mota. In suruki ne, ciwon baya ke kama ni nan take.