Nomau da Ragar Katafila

A Gangaren Kirya akwai wani gida da ke kallon bakin kasuwa. Mutum uku ne a cikinsa, biyu kullum a gajiye suke. Akwai Inna Tabawa, tsohuwa mai sayar da daddawa. Akwai babban ɗanta Makau mai walda, wanda ya koyi sana'ar da ka, ba ubangida ba makaranta, ya yi ta kallon wutar walda ba gilashi har ta cinye masa ido. Yanzu in ka tsaya gabansa inuwarka kawai yake gani. Sai ƙanensa Nomau, ƙato, gemu ya fara furfura, waldarsa kamar ɗinkin keke. Nomau ba ya ƙarya, ba ya musu, ba ya ƙiwa. Abin da ka faɗa shi zai yi, daidai yadda ka faɗa, ba ragi ba ƙari. Duk wanda ya ce wannan ba masifa ba ce, to bai taɓa zama gida ɗaya da irinsa ba, ya yi mana shiru. Makau ke da kai, Nomau ke da ido da hannu, haka shagon ke tafiya, in dai ana kiran wannan tafiya.

Garin kuwa ba ruwa. Da rani mata kan fita da jarkoki da safe, sai rana ta take su dawo. Bayan roƙo na shekaru aka turo katafila ta share kurmin da ke gangare, a haƙa madatsar ruwa kafin damina. Tsohuwar katafila ce, rumfar direbanta ƙafa huɗu ce ta ƙarfe da kwano a sama, ko'ina a buɗe. Ba a daɗe da fara aiki ba reshe ya tsaga wa direban goshi. Cindo sunansa, siriri, bakinsa ya fi injinsa ƙara. Ya zo shago da tsumma ɗaure a ka.

Ya ce, "Maiwalda, ko a yi wa rumfar nan ragar ƙarfe, ko in kira tirela ta kwashe kayana. Garuruwa na layi suna jira. Ni da idona biyu na zo garin nan."

Maganar ido ta taɓa Makau inda ba ya so. Ya ce, "Za a yi, Direba. Ka dai riƙa lallaɓawa a bakin kurmi."

Wata rana Makau ya ce, "Nomau, je ka hau tare da Direba, ka gano mini abin da ke dukansa, mu san girman idon da za mu yi wa ragar." Nomau ya tafi. Da yamma sai ga shi da buhu a kafaɗa, fuska ta kumbura kamar an hura salka. Ya zazzage buhun a ƙafar yayansa: rassa, duwatsu, ƙaya, ɓawon itace.

"Yaya, wannan ya doke ni a kunne. Wannan a haƙori. Ga haƙorin."

"Kai, ba ka kaucewa ne?"

"In na kauce yaya zan san yana duka?"

Makau ya laluba duwatsun, ya sauke numfashi. Inna ta dafa ruwan zafi tana faɗa da bango, don ba ta kama sunan ɗan fari, kuma shi take nufi.

Wata rana Makau ya ce, "To, ka ga abin da ke shiga. Je ka yi abin da zai hana komai shiga." Nomau ya fasa tsofaffin durom-durom, ya buge su suka miƙe, ya kewaye rumfar da su ruf, ya bi kowace kafa da walda. Ko sauro ba zai sami hanya ba. Cindo ya zo ya zagaya katafilarsa, ya sake zagayawa.

"Injiniya, ta ina zan shiga?"

"Ba ta ko'ina. Yaya ya ce kada komai ya shiga."

"Ni komai ne?"

Nomau ya dube shi daga hula zuwa takalmi, ya ce, "Kai ma wani abu ne."

Wuni guda aka yi ana yanke abin da aka yi wuni guda ana haɗawa. Cindo yana gindin tsamiya yana zagin ranar da ya karɓi aikin nan. Makau yana zaune kan benci, ya riƙe kai, yana jin ƙarar zarto.

Wata rana Makau ya zauna da ƙanensa ya bi masa abin dalla-dalla, kamar mai koya wa aku magana: rodi a tsaye, rodi a kwance, tsakaninsu yatsa biyu, ƙofa a hagu da sakata. Nomau ya yi raga, wallahi raga ce! Makau ya shafa ta da hannu, ba kaifi, ba gurbi, har ya ji wani abu mai kama da daɗi ya motsa a ƙirjinsa. A nan ne bakinsa ya ja masa. Ya ce, "Kafin ka kai, ka gwada ta da dutse, mu san iyakar ƙarfinta." Nomau ya jingina ta da bango. Ya jefa ƙaramin dutse, ba ta yi komai ba. Ya jefa babba, shiru. Ya ɗauko dutsen niƙan Inna, ta ɗan lanƙwasa. Ya tafi bayan gari ya mirgino wani dutse da ko jaki ba ya ɗauka, ya hau katanga ya sako mata shi. Ya shigo yana murna, gumi na zuba.

"Yaya, na gano iyakarta."

Makau bai yi ihu ba. Ihun ma ya ƙare masa. Ya ce, "Rodin fa?"

"Shi ke nan wanda muke da shi."

A ranar hadari ya fara leƙowa daga gabas. Matan gari suka riƙa bi ta ƙofar shago da jarkokinsu, ba mai cewa komai, sai sannu da aiki. Irin sannun nan da gara a zage ka. Cindo ya aiko cewa ya yi waya, tirela na hanya.

Wata rana, rana tsaka, Makau ya ce, "Duba cikin gidan nan, duk ƙarfen da ba wanda ke amfani da shi, ka ɗauko." Inna tana kasuwa. Nomau ya shiga ɗakinta ya ga gadon ƙarfen da aka kawo ta gidan da shi, mai ragar waya a ƙasa da allo mai furanni a kai. Ya duba sosai, ba kowa a kansa. Kafin la'asar ya zama gunduwa-gunduwa. Inna ta dawo ta tarar da katifarta a ƙasa.

"Nomau! Uban wa ya ce ka taɓa mini gado?"

"Ba kya amfani da shi, Inna. Na duba."

"Da rana ake kwana, ɗan banza? Shi kuma wancan da ke zaune kamar bai ji ba, ai shi ya aike ka!"

Makau ya shafa ragar gadon. Wayar zamanin da ce, mai kauri, irin wadda ba a yi yanzu. Ya ce a hankali, "Inna, a yi haƙuri, an riga an yanka." Ya juya ga ƙanensa, murya ƙasa-ƙasa. "Ka sa ragar a gaba da gefe biyu, ƙofa a hagu. Abin da ya rage kada ka dawo da shi gidan nan ta gani. Ka bar shi can a jikin katafilar."

Wata rana, wato washegari, gari ya taru a gangare ana dariya har da riƙe ciki. Gaba da gefe sun yi kyau, ba mai kushewa. Amma a bayan kujerar direba ga allon gadon Inna a tsaye da furanninsa, ga ƙafafun gado an gicciya an bi su da walda. Nomau ya ce ya aza su ne suka yi ta zamewa, kuma Yaya ya ce a bar su a jiki.

Cindo ya ce, "Jama'a, wa ya taɓa ganin itace ya doki direba ta baya? Da baya nake tuƙi? Ɗakin amarya aka mai da ni!" Ya tofar da yawu. "Kututturen can zan cire muku, don kada a ce ban gwada ba. Tirela na isowa in tafi."

Kututturen kirya ne, ya ƙi turuwa, sai aka ɗaura masa sarƙa a bayan katafila. Cindo ya shiga, ya ja sakata, ya taka. Injin ya yi gurnani, sarƙa ta miƙe tana kuka. Makau ba ya gani, amma kunnensa ya san kukan ƙarfen da ya gaji. Ya buɗe baki ke nan sai ta tsinke. Ƙarar ta yi kamar an harba bindiga a cikin tukunya.

Jama'a suka matso suna leƙe. Ƙugiyar sarƙar tana maƙale a tsakiyar furannin gado, ta lotsa su ciki, daidai ƙeyar Cindo. Ya kashe injin. Ya juya ya dubi ƙugiyar, ya daɗe yana dubanta. Ya sauko, ya zauna a ƙasa, ya shafa bayan kansa ya duba tafin hannun.

Nomau ya matso, ido ya cika da hawaye. "Yaya, ya lotsa. In cire in gyara?"

Cindo ya yi zumbur. "Wanda ya taɓa gadon nan sai na taka shi da katafila!" Ya lalubo wayarsa, ya ce wa mai tirela ya juya, akwai sauran aiki.

Makau ya ji iska mai ƙanshin ruwa ta taso, ya ji injin ya sake tashi. Ya nemi dutse ya zauna, duk gaɓoɓinsa na ciwo kamar shi ya ja sarƙar. Ya kamo hannun ƙanensa.

"Nomau, je ka gindin tsamiya ka kwanta ka huta."

Nomau ya juya ya fara tafiya. Makau ya yi ɗan tunani, ya ɗaga murya da sauri.

"In ka huta, ka tashi!"