Rasuwar Koren Kwano da Waɗanda Ake Zargi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta gama yarda da kowa ba, tsohon ma'aikacin ɗakin karatun nan da ke zaune shi kaɗai a gidan ƙarshen layi yana sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da masu leƙe ta katanga, rasuwar rufin gidansa, koren kwano mai fenti, wanda ya cika ranar Talata da la'asar ana tsakiyar ruwa. Ya rasu yana da shekara goma sha tara. Takardar da aka bayar ranar sayensa ta yi masa alkawarin talatin, kuma tana nan a ajiye da hatiminta.

Marigayin mai haƙuri ne. Rana ta gasa shi, iska ta jijjiga shi, ƙanƙara ta jefe shi sau biyu, bai kai ƙara ba. Maganarsa kaɗan ce. Da tsakar rana, in zafi ya ratsa shi, ya ce “ƙas, ƙas,” kamar dattijo yana miƙe gaɓɓai. Da damina kuwa ya kama “ratatata” har sai mutanen gida sun bar musu, don ba mai jin wani. Gardama da yawa tsakanin maigidan da matarsa, Allah ya jiƙanta, ba shi ya ci ba, ba ita ta ci ba, kwanon ne ya raba. Ita ta zaɓi launinsa. Shi ya so ruwan toka, don ya karanta cewa ya fi jure rana, ta ce ba ta gina gida don ya yi kama da ofis ba.

Layi na bakwai na takardar nan ya ce kada a tattaka fentin. Maigidan ya ja masa jan biro, ya kafa doka cewa muddin yana numfashi ba mai hawa rufinsa. A kan wannan doka yake ɗora lafiyar marigayin, kuma baƙi da yawa sun sha wannan darasi a tsaye.

Ciwon ya fara ne da jajayen ɗigo a bakin ƙusoshi. Sai fenti ya soma kumbura yana ɓarewa kamar fatar ƙuna. Bara silin ɗin falo ya zana taswirar wata ƙasa da babu ita a littafi. Bana marigayin ya canza magana, ya koma “ɗal, ɗal, ɗal,” cikin bokiti, cikin baho, daga baya cikin tukunyar da ba a ɗora ba tun rasuwar mai ita, shekara shida ke nan. Ranar Talata ya saki gaba ɗaya a kan ɗakinta. Silin ya rufto kan gado, ruwa ya shiga akwatin tufafinta.

Babbar 'yar maigidan ta zo ta tsaya cikin ruwan har idon sawu, ta ce, “Baba, mutumin da rufi ke ruɓewa a kansa bai sani ba, ba zai ci gaba da zama shi kaɗai ba. Ɗakinka na can a gidana, an share.”

Ya san ɗakin. Tagarsa ɗaya, tana kallon janareta, kuma ko kwabar littafi ɗaya ba za ta shiga ba. Saboda haka ya ce mata ruwa ba ya tsami banza, kashe kwanon nan aka yi, kuma in ya fito da wanda ya kashe shi, maganar tashi ta mutu. Ta ce ta yarda. Saurin yardar ma bai yi masa ba.

Wanda aka fara zargi shi ne mai shagon da ya sayar da kwanon, wanda ya rufe shago ya koma sayar da katifu, sana'ar da ba a ba da takarda. Sai maƙwabci mai tattabaru, wanda tsuntsayensa ke cin abinci a gidansa su zo su sauke nauyi a kan na mutane. Sai suruki, mijin 'yar, wanda ya aiko aka kafa farantin talabijin a bakin rufin, wai kyauta, aka bar huda huɗu. Shi ne kuma aka taɓa hanga ta taga yana auna tsakar gida da taku, yana motsa baki. Amma wanda biri ya fi yin kama da mutum a kansa shi ne kafintan da ya buga kwanon. Tun bayan rasuwar matar gidan gaisuwarsa ta yi yawa, yana yi yana ɗaga kai sama, kuma sau biyu yana zuwa da tsani ba a kira shi ba. Sau biyu ana kora shi.

Ranar Alhamis aka binciki gawa, a gaban 'yar. Maigidan ya ɗage doka, ya ce kafintan ya hau ya ga aikin hannunsa. Ya hau, ya nufi kwarin da fuskoki biyu na rufin suka haɗu, daidai ƙarƙashin reshen mangwaron da marigayiya ta shuka. Sai ga baƙin ruɓaɓɓen ganye yana saukowa dunƙule-dunƙule kamar taki, har da wani ɗan tsiro mai ganye huɗu.

Kafinta ya leƙo ya ce, “Malam, wannan sharar shekara shida ce.”

“Ka yanke mata shekaru kamar kai ka haife ta. Ina ka sani?”

“Ai ni ke share rufin. Duk shekara kafin ruwan fari, ranar da ka fita, Mama ke aiko mini. In kwashe ganye, in wanke kashin tsuntsaye, in canza ƙusar da robarta ta mutu, in ɗiga fenti inda ya kwarzane. Ta ce kada in bari ka ji, wai kai kana da takarda.”

'Yar ta gyaɗa kai, abin da maigidan ya ɗauka a matsayin rashin kunya. Ya shiga ya ɗauko takardar don ya kare kansa, iska ta juya ta a hannunsa. A bayanta, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa a riƙa share rufin sau ɗaya a shekara. Mutumin da ya yi shekara talatin yana faɗa wa masu karatu su karanta littafi har bango bai taɓa juya ta ba.

Don haka ana sanar da jama'a cewa an wanke kafinta, an yi wa tattabaru afuwa. Ba a janye zargi daga kan suruki ba.

Marigayin ya bar bokiti uku, da baho, da katakon da rabinsa ya sha ruwa, da mangwaro ɗaya da bai nuna nadama ba, da littattafai masu warin laima, da dattijo guda wanda sai yanzu ya gane ba kwano kaɗai ake lallaɓawa a gidan ba tare da saninsa ba.

Za a sauke gawa ranar Asabar da safe, kafinta ne zai jagoranta. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da sikeli ya ɗauke ta, ban da falle ɗaya mai sauran kore da za a jingine bayan ɗakin girki. Ana roƙon masu cewa “ai dama na faɗa” su yi tasu addu'ar daga gida.

Za a karɓi gaisuwa a gidan 'yar har kwana bakwai, kafin a buga sabon rufi. Bakwai dai aka ce masa. Ita ta haɗa masa kaya, kuma da ya buɗe jakar ya tarar da rigar sanyi, da bargo, da hoton marigayiya da aka cire daga bangon falo, alhali yanzu damina ta kankama, lokacin sanyi da saura. Ya dai dasa tsiron nan cikin tukunyar, ya ajiye a tsakar gidansa, ya sanar da kowa cewa bai yarda da hannun kowa ba wajen ba shi ruwa, kuma makullin ƙofa yana aljihunsa.

Wanda ya zo gaisuwa rana ta takwas, ya fara dubawa a ƙarshen layi. In bai same shi a can ba, to, a buga wata sanarwar.