Gadon da Na-Sani Ya Raba wa Motoci

Ranar Litinin da safe Na-Sani, ma'aikacin sashen kwamfuta, ya dawo daga kwas, ya ajiye jakarsa a teburin taro, ya ce da shi da tsohon yaren kwamfutar kamfanin, yau za a san wane ne babba.

Kamfanin na jigilar kaya ne, yaren kuwa ya girme shi. Aikinsa irin na layin asibiti ne, umarni na bin umarni daga sama har ƙasa, babu mai tsallake wani. Da shi ake tsara hutun ma'aikata da gyaran motoci, da shi ƙofar harabar take karanta kati ta buɗe. Kujerar shugaban sashen kwamfuta kuma babu kowa a kanta, Manaja ta ce sai ta ga aiki za ta bayar.

"Ranki ya daɗe, duniya ta wuce nan," in ji Na-Sani. "Yanzu kowane abu a cikin manhaja zaman kansa yake, da bayaninsa da halinsa, kuma yana gadon ubansa. Ki rubuta uba sau ɗaya, 'ya'ya su kwashe."

"Yaren namu ya iya haka?"

"Bai iya ba. Zan sa shi ya yi kamar ya iya."

"Kamar," ta ce, ta dube shi ta saman tabarau.

Ka san irin mutanen nan da in suka ga jaki sai su ɗinka masa sirdin doki. Na-Sani ya kasa teburin bayanan manhaja gida-gida, ya ba kowane abu lamba, ya rubuta wani dogon sashe mai tambayar kowa, "Kai ɗan wane ne?" kafin ya tura shi inda ya dace. Da ya zo kan direbobi sai ƙyuya ta kama shi. Direba ai ba ya rabuwa da motarsa, hanyarsu ɗaya, lokacinsu ɗaya. Sai ya mai da Direba ɗan Mota.

Washegari Dogo, tsohon direban tirela, ya shigo ofis da wayarsa a hannu.

"Oga, saƙo ne ya zo wai in je gareji a yi mini juyen mai."

"Motarka ake nufi."

"Sunana ne. Har an ce a duba mini iskar ƙafa ta baya." Ya leƙa ƙafarsa. "Ni dai gwiwa ce ke damuna, in suna gyarawa."

Na-Sani ya ce ƙaramar matsala ce, an sa ɗa a wurin uba ne kawai. Ya juya su, Mota ta koma 'yar Direba. Kafin azahar motoci sun gaji duk haƙƙin ɗan Adam. Tifa biyu suka samu hutun shekara. Wata tanka da ta daɗe a gareji aka aika mata takardar tuhuma kan rashin zuwa aiki, shugaban kanikawa ya liƙa mata a gilashi ya ce ta amsa da kanta. Tirelar Dogo kuwa, da yake an rubuta tana ɗauke da kaya, manhaja ta ba ta hutun haihuwa, ƙofa ta ƙi buɗe mata.

"Allah ya raba lafiya," in ji maigadi.

Manaja ta kira Na-Sani. "Kayan mutane na tsaye a harabata."

"Ranki ya daɗe, wannan alamar nasara ce. Gado yana aiki, yawa ne ya yi. Abin da ya rage a yi musu kaka ɗaya, kowa ya ɗebi daidai rabonsa. Ki tara mutane gobe ki gani."

Abin da kwas bai gaya masa ba, ko ya gaya masa yana waje yana ɗaukar hoto, shi ne tsohon yaren nan ɗakin ajiya ɗaya gare shi. Duk wanda aka kira nan yake sauke kayansa, in ba a share ba na gaba ya tarar da su. Na-Sani kuwa ba mai shara ba ne.

Aka taru. Ya haska allo a bango, ya fara gwaji da wata mushen babbar mota, roka, da ta shekara a bayan gareji, bayaninta ya fito daidai. Ya gyara wuyan riga.

"Yanzu ku ba ni mutum. Kai, bari in sa kaina, don kada a ce na ji tsoro."

Ya buga lambarsa. Hotonsa ya fito yana murmushi, a ƙasa kuma manhaja ta jera: yana da ƙara sosai, yana hayaƙi, ba ya jan kaya, birki babu. Shawara: a kwance shi, a duba ko akwai abin mora.

Shugaban kanikawa ya karanta har ƙarshe a hankali, ya ce, "Wannan kam ba ni da gyara."

Manaja ta tattara takardunta. Ta ce a maido da tsohon tsari daga ajiya, shi kuma ya je gida ya huta, maganar kujera ta mutu.

Ya rataya jakarsa ya nufi ƙofa, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa wanda ya riga zamaninsa haka yake gani. Ya ɗora kati. Ƙofa ta yi ja. Ya sake ɗorawa. Maigadi ya leƙa allonsa ya sosa ƙeya.

"Oga, ta ce mataccen inji ba ya fita da ƙafarsa. Sai da janwe."

"Buɗe da hannu mana."

"Ai kai ka cire wannan, ka ce tsohon yayi ne."

Maido da tsari kuma sai gobe. Can sai ga Dogo ya kawo motar janwe da baya da baya, ya sauko yana warware sarƙa.

"Oga, ta gaba za a ɗaure ka, ko ta baya?"