Ranar Da Na Goge Wa Firinta Ƙwaƙwalwa

Har na tsufa ba zan manta da safiyar nan ta jarrabawa ba, sati na biyu da fara koyar da kwamfuta a wata sakandare da ke Miga. Na zo daga Dutse da sabuwar takardar shaida a jaka, ina jin duk ƙaramar hukumar babu na biyuna.

Saura awa ɗaya a shiga aji, firintar ofis ta fara fitar da takardu farare fes, ko ɗigo babu. Shugaban makaranta, Malam Garba, ya aika a kira ni. Malamai sun cika ofis, kowa na jiran tambayoyinsa.

"Ranka ya daɗe, ƙaramin abu ne," na ce. "Saitinta ne ya rikice. Minti biyu."

Na naɗe hannun riga, na shiga danne-danne ina bayani kamar mai lacca (rabin abin da nake faɗa a nan take nake ƙirƙirarsa). Da ta tambaya ko na tabbata a mayar da komai yadda ya fito daga kamfani, ko karantawa ban yi ba, na amsa mata.

Ta mutu, ta farfaɗo. Yanzu kuma kwamfutar ofis ma ta daina ganinta, don na goge haɗinsu.

Sai ga Baba Asabe, dattijuwar da ke buga takardun makarantar tun zamanin tafireta. Ta ajiye jakarta, ta dube mu.

"Malam, jiya aka sa sabuwar tona. An zare ledarta kuwa?"

Ta buɗe murfi, ta ciro tonar, wato mazubin tawadar, ta ja wata siririyar leda da ta toshe bakinta, fiiit, ta miƙo min. Haka na tsaya riƙe da ita a gaban kowa.

"Da wannan ce kaɗai matsalar," in ji ta. "Ta yanzu kuwa, taka ce."

Ban iya mayar da haɗin ba sai bayan azahar. Malamai da alli suka rubuta tambayoyi a allo, ni kuma Malam Garba ya ba ni na lissafi, shafi uku, har da zane.

Tun ranar, in na'ura ta ƙi aiki, kafin in taɓa ta sai na tambayi wanda ya riga ni zuwa ofis: "Jiya me aka yi mata?"